Laifin Nasara mun haddace shi, to ina takardar da ta ɗaure mai mulkinmu?

Tun watan Oktoba na 2024 babban titin nan na Yamai da ake kira da sunan Charles de Gaulle ya koma sunan Djibo Bakary, kuma ni ina cikin waɗanda sunka ji daɗin abin, don duk wanda ya san abin da ya wakana tsakanin mutanen nan biyu a 1958 ya san ba ƙaramin juyi ba ne. Sai dai na lura duk sanda maganar 'yancin kai ta taso, ko a fada wajen shan shayi nan Tawa, ko a rediyo, ko a Facebook, abu guda muke yi, mu jero ta'asar Faransa tun daga Voulet har zuwa yuraniyom ɗin Arlit, kowa ya ja tsaki, a watse. Jerin nan gaskiya ne, ba ni da ja a kai. Abin da ke damuna shi ne rabin magana ce. Mutanen da sunka taɓa tsayawa gaban duniya sunka ce daga yau mun fita hannun wane, ba su tsaya ga faɗin laifin wanen ba, sai da sunka faɗi mi ne ne mulki a wajensu, wa ke da hakkin yin shi, da yardar wa, kuma in ya ci amana mi za a yi mishi. Wanga rabi na biyu shi ne ban cika jin ana zancen shi ba a ƙasar ga, alhali shi ne mai wuyar.

Mu fara da wanda munka iya. Farkon 1899 ayarin sojan Faransa ƙarƙashin kyaftin biyu, Voulet da Chanoine, sunka baro bakin kogin Isa sunka nufi tabkin Cadi, kuma garin da sunka bi duk sai toka. A Lugu Sarauniya Mangu ta tsaya musu a watan Afrilu, a watan Mayu sunka faɗa ma Birnin Ƙonni, nan kusa da mu, anka kashe mutane ba adadi anka ƙone gari. Abin ya yi muni har labari ya kai Paris, anka aiko wani hafsa mai suna Klobb ya karɓe ragamar ayarin, sai Voulet ya sa anka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli, wato ranar da Faransa ke bikin juyin juya halinta na 'yanci da daidaito da 'yan'uwantaka. Cikin 'yan kwanaki sojojinsu baƙaƙe sunka kashe su su biyun wajen Maijirgi, ragowar ayarin kuma bai koma gida ba, gaba ya ci, ya ci Damagaram ƙarshen watan nan. Abin da ya fi tada hankalin Paris a lokacin kisan ɗan'uwansu Klobb ne, mutanen Ƙonni ba su cikin lissafi, kuma ƙasar da anka samu ta wannan hanya ba a maido ma kowa ita ba.

Amma in ka zauna da tsofaffi, ba ma yaƙin suke yawan tunawa ba, zaman yau da gobe suke tunawa. Bodo, kuɗin kai da kowane magidanci zai biya da kuɗin Nasara ko an yi damana ko ba a yi ba. Aikin dole, a zo gari a ƙirga majiya ƙarfi a kora su gyaran hanya ko ginin bariki ko dakon kaya, wani lokacin ana tsakiyar noma, ba ko sisi. Ga dokar nan ta endijena wadda ta ba kumandan, wato Baturen da ke mulkin yanki, ikon jefa mutum kaso har kwana 15 ba alƙali ba shari'a ba ɗaukaka ƙara, laifin na iya zama jinkirin biyan bodo ko ƙin zuwa aiki ko kawai an ce ka raina hukuma. Ga gardi da bulala, ga kamun samari zuwa soja a kai su yaƙin da ba su san mafarin shi ba. A yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da yunwar 1931 da ta yi ɓarna a yammacin ƙasar, ba a daina neman haraji ba. Shi ya sa garuruwa da dama na bakin iyaka sunka riƙa kwashewa suna tsallakawa ɓangaren Ingilishi, ba don can aljanna ce ba, don dai nauyin ya ɗan fi sauƙi. Waɗanda ba su gudu ba wasunsu sunka ɗau makami, Alfa Saibu a Kobkitanda wajen 1905 zuwa 1906, Firhun a 1916, Kaosan da Sarkin Agadas Tagama waɗanda sunka tsare sojan Faransa a Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, kuma ramuwar da ta biyo baya a Abzin har malamai ba ta bari ba.

A taron Brazzaville na 1944, lokacin da de Gaulle ke buƙatar ɗiyan Afirka su mutu don a ƙwato Faransa daga hannun Hitler, an rubuta ƙarara cewa maganar mulkin kai ba ta taso ba ko nan gaba da nisa. Sai 1946 anka soke endijena, anka soke aikin dole da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Ranar da sunka tafi kuwa, yaran da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba, ba jami'a, ba jirgin ƙasa, ko gada babu a Yamai sai 1970. To wanga jeri ba wanda zai zo ya ce mana ƙage ne.

Yanzu ku ɗan bi ni zuwa Amurka, duk da na san sunan ba shi da farin jini sosai a wajenmu kwanan nan. Takardar da yankuna 13 sunka fitar ranar 4 ga Yuli 1776 don rabuwa da Ingila, wadda Thomas Jefferson ya rubuta mafi yawanta, ita ce ƙasashe da yawa sunka riƙa kwaikwayo daga baya, kuma yadda anka gina ta ne ya sa nake kawo ta. Mafi tsawon ɓangarenta ƙorafi ne, guda 27 ake ƙirgawa, a kan Sarki George na Uku. Sunka ce ya ɗora mana haraji ba da yardarmu ba, ya rushe majalisunmu na wakilai don sun ƙi bin son ran shi, ya mayar da alƙalai 'yan amshin shata tunda shi ke riƙe da albashinsu da kujerunsu, ya girke soja a cikinmu lokacin zaman lafiya ba tare da izinin majalisa ba, ya ɗora soja sama da hukumar farar hula, yana hana mutane shari'a irin wadda anka saba, yana ɗaukar wanda ake tuhuma a kai shi ƙetaren teku. Amma kafin su fara jera ko ɗaya, sai da sunka aza harsashi cikin 'yan layuka, cewa an halicci mutane daidai, kowa na da hakkin da ba mai iya ƙwace mishi, rai da 'yanci da neman jin daɗin rayuwa, cewa gwamnati ana kafa ta ne don ta tsare waɗannan hakkoki, ikonta kuma daga yardar waɗanda take mulka yake fitowa, in ta juya tana cin su to jama'a na da hakkin canza ta ko rushe ta. Har sunka ƙara da cewa ba a tumɓuke gwamnati don ƙaramin dalili, sai zalunci ya yi tsawo ya nuna inda ya dosa. Tunanin ya samo asali daga masana irin su John Locke, kuma in ka sauƙaƙa shi bai wuce abin da kowane mai dabbobi ya sani ba: ka ba makiyayi kiwo, dabbobin ba su zama nashi ba, ran da ya fara yankawa yana ci kana da ikon karɓe sandar.

Ga inda nake so a lura. Da zarar ka aza wancan harsashi, jerin ƙorafin ya daina zama zagin sarkin Ingila kawai, ya zama alkawari a wuyanka. In ka ce laifin shi shi ne ya rushe majalisa, ka riga ka ce kai ba za ka rushe ba. In ka ce laifin shi haraji ba da yarda ba, ka ɗaure kanka da neman yarda. Kuma mutane sun kama su da bakinsu, don Jefferson ɗin da ya rubuta an halicci mutane daidai ya mallaki bayi sama da 600 a tsawon rayuwar shi, sakin layin da ya yi kan cinikin bayi majalisar wakilan yankunan ta cire shi, mata ba su da ƙuri'a, 'yan asalin ƙasar kuwa takardar da kanta ta kira su marasa imani. Munafunci ne tsagwaron shi. Amma bayi da jikokinsu da mata wannan takardar sunka riƙa ɗagawa suna cewa ku kunka rubuta, ku cika. Ho Chi Minh ma da ya tashi shelanta 'yancin Biyetnam ranar 2 ga Satumba 1945 da kalmomin takardar nan ya buɗe, ya haɗa da na Faransa na 1789, ya mayar musu da su a fuska. Turawan Rodeshiya kuwa da Ian Smith ya jagoranta a 1965 sun kwaikwayi salonta sunka tsallake maganar daidaito da yardar jama'a, don sun san in sun rubuta ta sun rubuta ƙarshensu.

Wani zai ce ai wannan falsafar Turawa ce, mi ya haɗa mu da ita. To ba sai mun je ko'ina ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta anka haife shi a 1754, nan wajen Galmi cikin jiharmu ta Tawa, kuma a 1804 da ya yi hijira zuwa Gudu jama'ar shi ta fita daga biyayyar Sarkin Gobir Yunfa, shekarar da bayin Haiti su ma sunka shelanta 'yancinsu daga Faransa. A Kitabul Farƙi ya jero abubuwan da yake tuhumar sarakunan Hausa da su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu na Hausa, jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa da ake kai ma masu iko kafin a saurari mutum, kamuwa wato ƙwace dabbar talaka a yi dako da ita, tawasa da ake karɓa wajen mahauta, tilasta ma mutane zuwa yaƙi wanda ya ƙi a ci shi tara. Kuma bai tsaya nan ba, ya faɗi yadda mulki ya kamata ya kasance, shawara, adalci, barin tsanani, kar a ba mulki ga mai kwaɗayin shi. Maganar nan da kowa ke ɗauko ta daga rubuce-rubucen shi, cewa mulki na iya ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci, ita ce harsashin. Na san Gobirawan Tibiri da Katsinawan Maraɗi suna da nasu labarin dabam kan jihadin, a wajensu su anka ƙwace ma ƙasa kuma sun yi shekaru suna yaƙin kare kansu, ba yau zan raba wagga gardama ba. Abin da ya shafe mu shi ne, jangalin da Shehu ya la'anta bai mutu ba, ya dawo a hannun sarakunan da sunka gaji tutar, Nasara ya zo ya tarar da shi ya ci gaba da karɓa. Wato jera laifin wanda ka kayar bai taɓa hana ka maimaita shi ba sai in akwai wanda zai iya tsayar da kai.

To mu a Nijar ya munka yi? A 1958 de Gaulle ya ba yankunan Afirka zaɓi, ko ku ce i ku zauna cikin tarayya da Faransa, ko ku ce a'a ku tafi ba ko taro. Djibo Bakary, wanda shi ne shugaban majalisar gwamnati a lokacin kuma shi ne magajin garin Yamai na farko, ya ce jam'iyyar shi Sawaba a'a za ta ce. Paris ta aiko sabon gwamna, Colombani, anka juya sarakunan gargajiya, anka yi aiki da kayan hukuma da tsoratarwa, ranar 28 ga Satumba sakamako ya fito i ta samu kimanin 78 cikin 100, kuma waɗanda sunka fita jefa ƙuri'ar ma ba su kai 40 cikin 100 na masu rajista ba. Gine ta Sékou Touré ce kaɗai ta ce a'a, ta samu 'yanci 2 ga Oktoba, Faransa kuma ta kwashe ma'aikatanta da kayanta ta bar su don sauran su ga darasi. Nan gida Djibo ya sauka, anka kafa jamhuriya 18 ga Disamba 1958 da Diori Hamani, a 1959 anka haramta Sawaba, shugabanta ya yi gudun hijira. Saboda haka lokacin da 3 ga Agusta 1960 ta zo, ba shelar rabuwa anka yi ba, miƙa mulki anka yi bisa yarjejeniyar da anka sa ma hannu a Paris a watan Yuli, kuma ku dubi yadda ranakun sunka jeru, Dahomey 1 ga Agusta, Nijar 3, Haute-Volta 5, Kodebuwa 7. A watan Afrilu 1961 anka ƙara da yarjejeniyar tsaro wadda ta ba Faransa fifiko kan ma'adinai masu muhimmanci, yuraniyom na ciki, alhali SOMAIR, kamfanin haƙar yuraniyom na Arlit, ma sai 1968 za a kafa ta. Ba takardar da ta jera ƙorafi, don wanda za ka yi ƙorafin a kan shi yana zaune kan kujerar baƙi na musamman. Kuma tunda ba a jera ƙorafi ba, ba a ɗau alkawarin komi ba.

Ba ina zagin Diori ba ne, mutumin ya karɓi ƙasa ba kuɗi ba ma'aikata, kuma daga baya shi da kan shi ya nemi a ƙara farashin yuraniyom ana dab da kifar da shi. Amma gaskiya ita ce gidan da Nasara ya gina ba a rushe shi ba, mai gida kawai anka canza. Kumandan ya zama baƙar fata, gardi na nan, bodo na nan, jam'iyya ɗaya ce tal, PPN-RDA, majalisa Boubou Hama ke riƙe da ita tun daga farko har ƙarshe, zaɓen shugaban ƙasa ɗan takara guda. Da 'yan Sawaba sunka shigo da makamai a 1964 anka harbe wasunsu a bainar jama'a a Yamai, anka cika kaso da mutane, wasu laifinsu dangantaka ce kawai. Ranar 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kountché ya yi juyin mulki ana cikin fari da yunwa, shi ma ya zo da nashi jerin ƙorafin, rashin adalci da cin hanci da karkatar da abincin agaji, kuma mutane da yawa har gobe suna yabon shi kan tsare dukiyar ƙasa, amma wa ya isa ya buɗe baki a zamanin shi?

A ganina sau ɗaya munka matso kusa da rubuta wancan rabi na biyu da hannunmu, shi ne babban taron ƙasa na 1991. Jinin ɗalibai uku da anka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990 da kisan da soja sunka yi ma mutane a Cintabaradan a watan Mayu na shekarar, nan cikin jiharmu, su sunka kai mu zauren. Daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba, ƙarƙashin André Salifou, 'yan ƙwadago da ɗalibai da jam'iyyu sunka ce ikon ƙasa a hannun taron yake, anka kira manya sunka amsa tambaya ana ji a rediyo, abin da kakanninmu ba su taɓa mafarki ba. Wannan karon ƙorafin ba kan Nasara ba ne, kan namu ne. Sai dai abin da anka gina bai jima ba, 1996 juyin mulki, 1999 juyin mulki da kisan shugaba Baré, 2009 tazarce inda Tandja ya rushe majalisa ya rushe kotun tsarin mulki don ya zarce, 2010 juyin mulki, har munka kai jamhuriya ta bakwai. Ku koma jerin 1776 ɗin can ku karanta, rushe majalisa, murƙushe alƙalai, ɗora soja sama da farar hula, sai ka rantse da mu ake.

Kuma kar mu yi saurin yi ma Jefferson dariya kan bayi. Sai 2003 dokar Nijar ta mayar da bautar da mutum babban laifi mai hukunci, kuma a 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta kama ƙasarmu da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda anka saida tana yarinya a yankin nan namu, anka ce a biya ta sefa miliyan 10. Shekara 48 bayan an ɗaga tuta ke nan. Ita wane 'yancin kai ta samu a 1960?

Daga 26 ga Yuli 2023, ranar da soja sunka kifar da shugaba Bazoum, jerin ƙorafin ya dawo da ƙarfin da bai taɓa yi ba, kuma wannan karon an yi aiki da shi. Jakadan Faransa ya tafi, sojansu na ƙarshe sun bar ƙasar a Disamba 2023, na Amurka sun kwashe daga Yamai da Agadas a 2024, an kafa AES, ƙawancen ƙasashen Sahel, da Mali da Burkina, an fita CEDEAO, a 2025 an mayar da SOMAIR hannun ƙasa, Hausa ta zama harshen ƙasa a sabon kundin. Wanda ya ga yadda takunkumi ya yi da mu, Najeriya ta yanke wuta, iyakar Ƙonni a rufe, magani da shinkafa sun yi tashin gwauron zabi, kuma mutane sunka jure suna cewa zancen ƙasa ne, ya san ba da kuɗi anka sayi wannan fushin ba, tsohon miki ne. Wannan ita ce a'ar da anka hana mu faɗi a 1958, ni haka nake kallon ta.

Amma a'a ga Faransa amsar tambaya guda ce, wato wa ba zai mulke mu ba. Ba ta amsa wa zai mulke mu ba, da yardar wa, zuwa yaushe, kuma in ya kauce ta wace ƙofa za mu bi mu tsayar da shi ba tare da wani ya sake fitowa da tankar yaƙi ba. A watan Afrilu 2024 an rushe majalisun gundumomi da na jihohi da jama'a sunka zaɓa, anka naɗa masu riƙo. A Maris 2025 an rushe jam'iyyun siyasa baki ɗaya, anka tsaida wa'adin shekara 5 wanda kuma ana iya sake duba shi gwargwadon halin tsaro, taron da ya ba da shawarar kuwa wakilan shi ba da ƙuri'a anka zaɓe su ba. Bazoum ya haura shekara biyu a tsare ba a gurfanar da shi gaban alƙali ba, in yana da laifi ai kotu ce wurin nuna shi kowa ya gani. Mu da muke tuhumar kumandan da kulle mutum kwana 15 ba shari'a, bai kamata wannan ya wuce mu ba ko da ba mu ƙaunar wanda abin ya shafa.

Na san amsar da za a ba ni, don ina jin ta kullum daga abokai da nake girmamawa. Za su ce malam ƙasa na cikin yaƙi, wa ke zancen ƙuri'a ana kashe mutane, kuma dimokuraɗiyyar da kake kuka a kanta mi ta tsinana mana? Wallahi suna da hujja. A ƙarƙashin zaɓaɓɓiyar gwamnati ne anka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tillia cikin yini guda a Maris 2021. A ƙarƙashin zaɓaɓɓiyar gwamnati ne Hama Amadou ya yi takarar 2016 daga gidan kason Filinge, kuma binciken kuɗin sayen makamai da ya fito a 2020 kowa ya ji irin biliyoyin da anka ambata soja na mutuwa a daji. Ni ba kewar wancan zamani nake ba, 'yan siyasar nan su sunka zubar da mutuncin ƙuri'a har talaka ya ga ba ta da amfani. Sai dai wannan hujja ni a wajena ƙara ƙarfafa maganata take. Waɗancan sun yi abin da sunka ga dama ne don ba abin da ya ɗaure su a aikace, kotu tasu, majalisa tasu. In maganin shi ne a kawo wasu da su ma ba abin da ya ɗaure su sai kyakkyawar niyyarsu, to mun dogara ga halin mutum ke nan, kuma mutum yana canzawa, yana mutuwa, wani na gadon kujerar da duk ikon da anka tara mata. Amurkawan can ma cikin yaƙi sunka rubuta tasu, sojan Ingila na kan ƙasarsu, Shehu kuma bai jira an gama yaƙi ba kafin ya rubuta ma nashi mutanen iyakar da ba za su ƙetare ba.

Ba kuma dole sai irin ta Faransa ko ta Amurka ba, wannan ma wani mulkin mallaka ne na tunani, a ce ko ka kwafi kundin Paris ko ka zauna ba komi. A Gobir akwai tara ta Gobir, a Maraɗi akwai su Galadima da Ƙaura da Durɓi da 'Yandaka, manyan da ke naɗa sarki kuma sarki ya san ba shi kaɗai ba ne a ƙasa. Ba dimokuraɗiyya ba ce, talaka da bawa da mace ba su da murya a ciki, amma tana nuna tunanin taka ma mai mulki burki ba baƙo ba ne a wajenmu. Abin da nake so in ga masu sake gina ƙasa sun yi shi ne su ɗauki jerin nan da muke karanta ma Faransa, su juya shi layi bayan layi ya zama doka a kansu: ba a tsare ɗan ƙasa ba tare da alƙali ya gan shi cikin kwanaki sanannu ba, ba a karɓar haraji sai wakilan masu biya sun yarda kuma sun ga inda ya tafi, yarjejeniyar ma'adinai ko da Rasha ce ko Sin ko Turkiyya a buga ta kowa ya karanta, ɗan jarida ya yi tambaya ya kwana gidan shi.

Kuma a fara daga ƙasa inda abin bai da wuya. In an ce zaɓen shugaban ƙasa sai an jira saboda yaƙi, to a gaya mana abin da zai hana mutanen Keita ko Buza ko Madawa, inda kasuwa ke ci kowane mako kuma ana yankan tikiti ga mai albasa da mai akuya, su zaɓi wanda zai riƙe musu kuɗin tikitin nan, a kuma faɗi watan da za a yi.